Tafin Lalle a Fatar Rago

Shafi na 23

Jama'ar gidan nan kun kusa kashe mini waya da saƙo. Masu cewa in na taɓa Ajimi sun daina karatu, ku yi haƙuri, ni ma sai da na share hawaye kafin na kama rubutun nan. Ke kuma mai zagin Kaltum kullum wai ba ta da zuciya, matso kusa, shafin yau naki ne.

*

Hantsi ya dubi ludayi lokacin da aka shigo da gawar Ajimi cikin Gashuwa, ɗaure a bayan raƙumin da ya fita a kansa shekaranjiya.

Kaltum tana tsaye a ƙofar sito, hannunta duk danƙon ƙaro. Tun da mahaifinsu Laminu Mai Ayari ya kwanta dama ita ke riƙe da sana'ar gidan: a tara ƙaro da fatu a Gashuwa, a kai tashar Nguru, jirgin ƙasa ya kwashe zuwa Ikko inda jirgin ruwa ke jira. Ita ke tsara hanya, ƙaninta Ajimi ke jan ayari.

Babayo ne ya sauko da shi ya shimfiɗe a tabarma. Babayo amininsa ne tun ƙuruciya, tsohon soja da ya dawo daga yaƙin Turawa a ƙasar Bama. Kunnensa na hagu a tsage yake, jini ya bushe masa har wuya.

"Ya Kaltum, ga madugunki mun kawo miki."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. A ina?"

"Rijiyar Gawo, jiya da la'asar. Ko raƙuma ba mu gama durƙusarwa ba suka taso mana da masu da takubba."

"Biyo ku suka yi?"

"Jiran mu suke yi! Har tokar wutar da suka gasa nama na gani a bakin rijiyar." Ya share fuska. "Biyu ya kwantar kafin su farke masa ciki. Wata fatar rago na tarar an shanya a wajen, da ita na ɗaure shi don kar hanjinsa ya zubo. Kafin rana ta faɗi ya cika a cinyata."

Kaltum ba ta yi kuka ba, kuma kada wanda ya ce mini taurin zuciya ne. Tsoro ne ya riga kukan isa ƙirjinta. Yau da asuba, kafin gawar nan ta iso, ɗanta guda ɗaya tilo, Kalli, ya fice da sauran rabin kayan ta wata hanyar daban. In har sirrin hanyar Ajimi ya fita, me zai hana na Kalli fita?

Bari in tuna muku shirin da ta yi, don na san wasunku tsallake shafi suke yi.

Sau biyu 'yan fashi suna tare ayarin gidan a bana, kuma duk a zangon da za a kwana. Baturen kamfanin da ke sayen kayan ya ce in tarago ya sake komawa Kano ba kaya ranar Alhamis, zai ba wa wasu cinikin. Shi ne Kaltum ta zauna ta toshe duk wata kafa da labari zai iya fita. Ba ta aika an sayi harawa a ƙauyukan hanya ba, don duk inda aka ga an tara harawa an san nan ayari zai sauka. Ta sa kowane raƙumi ya ɗauki abincinsa a kan kayansa. Ba ta kai salka ko ɗaya wajen dukawa ba, don yawan salka shi ke nuna doguwar hanya za a bi. A gaban duk 'yan kasuwa ta sa aka cika kwale-kwalen Nagoggo, sarkin fitonta, da buhuna, aka ce bana ta ruwa kaya za su bi, alhali ƙaiƙayi ne a ciki. Ainihin kayan ta raba biyu. Fatu ta ba Ajimi ta kudancin Jajimaji. Ƙaro ta ba Kalli ta arewa, cikin tuddan yashi, ya kwana a Rijiyar Aduwa. Kowannensu shi kaɗai ta ja gefen kogi ta raɗa masa tasa hanyar.

Amma ga Ajimi kwance a tabarma.

"Wancan ba Nagoggo ba ne?" in ji wani daga cikin masu raƙuma.

Shi ne kuwa. Yana hawowa daga bakin kogi da sandar tuƙi a kafaɗa, bai san abin da ake ciki ba.

Babayo ya miƙe a hankali.

"Kai da ya kamata a ce kana kan ruwa, me kake yi a gari?"

"Uwar ɗakina ce ta ce in ɓoye jirage cikin ciyawar kacalla in dawo. Lafiya? Wane ne a kwan..."

Bai ƙarasa ba Babayo ya kai masa naushi a baki. Haƙori ya yi tsalle ya faɗa cikin rairayi. Kafin ya tashi maza sun rufe shi, mai sanda na bugu, mai takalmi na shuri. Suka ja shi a ƙasa har gindin babban sikelin da ake auna buhuna, suka ɗaure hannuwansa a ƙugiya suka ja igiya har sai da yatsun ƙafarsa kawai ke taɓa ƙasa.

"Ku sake shi!" Kaltum ta daka tsawa.

Ko waiwayo ba su yi ba. Babayo ya warware bulalar fatar dorina daga ƙugunsa.

"Wa ka faɗa wa?"

"Wallahi ban..."

Tsau!

"Kai kaɗai ka san ƙaiƙayi ne a buhunan nan. Wa ka faɗa wa?"

"Na rantse da kabarin uwata Goggo, ban buɗe baki ba!"

Tsau! Tsau!

Rigar Nagoggo ta tsage, bayansa ya tsage tare da ita. Jini ya gangaro ta ƙafarsa yana ɗiga a kan farantin sikeli.

Kaltum ta kutsa cikinsu ta tsaya a tsakani. Bulalar da ta riga ta taso ta same ta a dantse, nan take wajen ya fashe. Ba ta ko dafe ba.

"Babayo, ka dawo hayyacinka. Ƙaiƙayi ya sani, bai san hanya ba. Ban faɗa masa ba."

"Ya sa an bi sawunmu."

"Kai da bakinka ka ce ba bin ku aka yi ba, jiran ku ake yi."

Babayo ya tsaya yana huci. Wani mai neman suna ya riga ya cusa ƙarfen da ake yi wa raƙuma shaida cikin murhun masu banda, ya zaro shi jajir ya miƙa masa.

"Matsa, Ya Kaltum."

"Ba zan matsa ba."

Mutum biyu suka riƙe ta ta baya. Babayo ya manna ƙarfen a kafaɗar Nagoggo. Ihun da bawan Allahn nan ya yi har masu wanki a tsallaken kogi sai da suka miƙe tsaye. Ƙaurin fata ya cika wajen, kansa ya langaɓe a ƙirji.

Ni dai na tsani Babayo a wannan lokacin, duk da na san ciwon da ke cin sa.

"Kashe shi za ku yi a banza!" Kaltum tana fizge-fizge. "Wanda ya fitar da maganar yana nan yana yawo, ga ɗana a daji!"

Babayo ya juyo.

"Ɗanki a daji? Ba cewa aka yi Kalli na kwance da zazzaɓi ba?"

Sai a lokacin ta gane bakinta ya yi suɓul da baka.

"Ina Kalli?"

"Ya fita da ƙaro."

"Ta wace hanya?"

"Ko za ka yanka ni ba zan faɗa ba."

Babayo ya yi wata dariya marar daɗin ji. Ya dubi mazan da ke kewaye.

"Kun ji ko? Ashe hanya biyu ce. Ta ba ɗanta mai lafiya, ta ba ƙaninta ta mutuwa. Mu ne naman da aka jefa wa kura don ɗan gata ya wuce."

"Ka ji tsoron Allah, Babayo. Ciki ɗaya muka fito da Ajimi."

"In babu Ajimi wa zai gaji ayarin Laminu? Ku faɗa mini, wa zai gada?"

Hannuwan da ke riƙe da ita suka ƙara matsewa. Mutanen nan ita ke yi wa matansu kayan suna, ita ke ɗinke musu ɓaraka in damina ta yi tsanani. Yau ga su suna kallon ta kamar ba su taɓa cin tuwon gidanta ba.

Babayo ya matso da ƙarfen har tana jin zafinsa a kumatu.

"Nagoggo bai sani ba, na yarda. Mu da ke cikin ayarin ba mu san inda za mu kwana ba sai da muka ga rijiya. Saura mutum biyu a duniya. Ɗaya ga shi can a tabarma."

Ta tattara ƙarfinta ta fizge. Ta yi baya taga-taga, ƙafarta ta harɗe da gefen tabarma, ta faɗi a kan gawar ƙaninta. Hannunta ya kama fatar da aka ɗaure masa ciki da ita, ƙullin ya kwance, fatar ta zame ta kife a ƙasa, gashin yana sama.

Farin rago ne. Gefe duk jini ya rine shi, amma tsakiyar gadon bayan bai ɓaci ba. A nan ga shatin tafin hannu, yatsu biyar, ja irin na lalle.

Kaltum ta ƙura masa ido.

"A ina ka ce ka samo fatar nan?"

"Kar ki sauya magana."

"Babayo, don girman Allah, a ina?"

"Na ce miki a bakin rijiyar. An kafe ta da tsinke ana shanya."

"Ɗanya ce?"

"Ɗanya shakaf. Yankan kwana ɗaya."

"Wancan karon da aka tare ku a bayan Jajimaji, kun tarar an yi yanka a zangon?"

Ya waiga ya dubi abokan tafiyarsa.

"Mutanen ƙauyen har romo suka kawo mana."

"Na farkon fa?"

Ƙarfen ya fara sauka a hannunsa. Ya sunkuya ya dubi fatar da kyau. Shi ma ya sha cin naman layya a gidan nan, ya san mutum ɗaya ce a duk Gashuwa ke tsoma hannu a lalle ta dafa bayan ragon sadakarta kafin a tafi da shi.

"Ya Aisa," ya ce, da ƙyar aka ji shi.

"Ku sauke Nagoggo," in ji Kaltum. "Duk wanda ya furta abin da ya gani a nan, ban yafe masa ba duniya da lahira."

Ta naɗe fatar ta nufi cikin gida.

Ya Aisa, mahaifiyarsu, tana zaune a kan buzu a ƙofar ɗakinta, mata sun kewaye ta. Labari ya riga ya iso. Idonta da ya daɗe da yin hazo yana ta zubar ruwa, carbi a hannunta, tafin nata ja wur da sabon lalle.

"Ku ba mu wuri," Kaltum ta ce da matan.

Ta durƙusa a gabanta, ta tura fatar bayanta.

"Kaltum ce? Sun ce an kashe mini auta."

"Haƙuri za mu yi, Ya. Kwanansa ne ya ƙare."

"Ban rage komai ba, Allah ne shaida. Ban taɓa barin ya kwana a daji ban riga shi da sadaka ba."

Kaltum ta ɗago kai.

"Wace sadaka, Ya?"

"Wadda nake yi wa ubanku tun ina amarya. Duk inda matafiyi zai kwana, jini ya riga shi zuba a wajen, sai ƙasar ta ƙoshi ta ƙyale nasa. Da kika karɓi ayari kika ce a daina, wai ɓarnar dabba ce, na yi shiru. Bana da na yi mummunan mafarki na ce ba zan biye miki ba. Yuguda mahauci nake ba ragon a ɓoye, ya kai tun ana gobe za su isa, ya yanka ya raba wa mutanen wajen."

"Ya aka yi kika san inda zai kwana?"

"Ji wata tambaya. Ya zo sallama ya durƙusa a nan inda kike, na ce ina za ka kwana. Ya ce Yaya ta hana faɗa. Na ce Yayarka ce ta haife ka ko ni? Ɗan halak zai yi wa uwarsa ƙarya ne?"

Wayyo Allah. Ta hana sayen harawa, ta hana ɗinkin salka, ta cika jirage da ƙaiƙayi, ta bi gari kaf tana neman munafuki. Ashe babu munafukin. 'Yan fashin ba su sayi bakin kowa ba, ragon tsohuwa kawai suke bi.

Kaltum ta dubi fuskar nan da ta yamutse, ta dubi jan tafin da ke lalubo kanta. Ta yaya za ka ce wa uwa ita ta nuna wa makasa inda ɗanta zai sauka? Ta ƙudurta a ranta har ta shiga kabari tsohuwar nan ba za ta ji wannan maganar ba.

Sai idonta ya sauka a kan turken da ke bayan ɗakin.

Raguna biyu aka ɗaure a wajen tun bayan salla, farare, ana yi musu kiwon dusa da kanwa. Yanzu igiyoyi biyu ne kawai a ƙasa.

"Ya." Ta kama hannun tsohuwar. "Ina ɗaya ragon?"

Tsohuwa ta share hawaye da gefen mayafi. Har wani ɗan haske ya bayyana a fuskarta, irin na wanda ya tuna yana da abin da zai faranta wa mai baƙin ciki.

"Kwantar da hankalinki, 'yar nan. Na san abin da ke cin ki. Wai ni za ku yi wa wayo da zazzaɓi. Tun shekaranjiya na ritsa mai gidan nawa Kalli a ɗaki, na ce ko ya faɗa mini ko in fasa auren. Yana dariya ya raɗa mini a kunne. Nasa ma ya fi na Ajimi ƙiba."

"Yaushe aka tafi da shi?"

"Jiya da sassafe."

Kaltum ta ɗaga kai ta dubi rana. Ta riga ta take tsaka. Ayarin da ya tashi da asuba, in bai tsaya ba, kafin magariba yana bakin Rijiyar Aduwa.

"Babayo!" ta ƙwala kira har muryarta na tsagewa. "Babayo! A ɗaura wa dawakai sirdi! Duk mai mashi ya ɗauko!"

"Lafiya, Kaltum? Me ya faru?" Tsohuwa na lalube a iska.

"Salamu alaikum, masu gida."

Yuguda mahauci ne a bakin zaure, ƙafa duk ƙura, wuƙaƙensa rataye a kafaɗa, farar fata naɗe a hammata. Ta ƙofar baya ya shigo, bai bi ta sito ba, bai ji komai ba. Baki har kunne ya zube gaban Ya Aisa.

"Ya, saƙo ya isa. Rijiyar Aduwa ba mutane sosai, har na fara tunanin wa zai ci naman. Sai Allah ya kawo wasu baƙi a kan raƙuma, sun fi ashirin, duk sun rufe fuska da rawani. Suka ci suka yi hani'an."

Babayo ya shigo da gudu, ya tsaya cak a bayansa.

"Mutanen kirki, wallahi," in ji Yuguda. "Babbansu har ya tambaye ni sunan mai sadakar don su sa shi a addu'a. Na ce Kalli ne, jikan Laminu Mai Ayari, gobe war haka yana nan da kayan ƙaro."

"Sai suka ce me?" in ji Ya Aisa, tana murmushi cikin hawaye.

"Suka ce ba za su gusa ba sai sun gan shi ido da ido sun yi masa godiya."